Ƙarin ƙoda: yadda ake bin diddigi har a gano irin da ba a saba gani ba

Idan likita ya duba hoto ya ce akwai ƙari a ƙoda, ko ya fito fili ya ce ciwon daji ne, yawancin iyalai sukan ɗauka bincike ya ƙare, saura neman kuɗin tiyata. Alhali a nan ne binciken ya kai tsakiya. Manomin fadamar Argungu ko Suru ba ya cewa shinkafa ai shinkafa ce. Ya san wadda ke son ruwa mai zurfi da wadda ake yi da rani, kowace da kwanakinta da takinta. Haka ciwon dajin ƙoda yake. A jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ire-iren ƙarin ƙoda sun haura 20. Kusan 7 cikin 10 na waɗanda ake gani a jikin manya iri ɗaya ne, mai garai-garan ƙwayoyi, wanda ake taƙaita sunansa a takarda da ccRCC, kuma yawancin magungunan zamani a kansa aka gwada su. Sauran kuwa, wani yana da sanyin hali har ya shekara bai motsa ba, wani cikin 'yan watanni ya bazu ko'ina, wani ma ba ciwon daji ba ne sam. Maganin da ke yi wa wannan aiki, ga wancan asarar kuɗi ce da asarar lokaci.

Wannan jagora ta mara lafiya ce da mai jinyarsa, da kuma ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti, wanda wurinsa ake fara zuwa kafin a ga babban likita.

Mataki na farko: kada a bar fitsarin jini a hannun tsargiya

A Yauri, Ngaski, Shanga, Bagudo da sauran garuruwan bakin kogi, fitsarin jini ba ya tayar wa kowa hankali. Yaro ya yi wanka a gulbi, matashi ya wuni cikin ruwan shinkafa ko a kan kwalekwale yana su, sai a ce tsargiya ce, kuma sau da yawa ita ɗin ce. Sai dai ƙarin ƙoda ma da jini yakan fara bayyana, kuma jininsa yakan zo ya ɗauke, ya yi makonni shiru, mutum ya ce ya warke.

Akwai bambancin da mara lafiya da kansa zai iya lura da shi. Jinin tsargiya yakan biyo ƙarshen fitsari, 'yan ɗigo kaɗan bayan an kusa gamawa, saboda daga bangon mafitsara yake fitowa. Wanda ya taso daga ƙoda kuwa yakan gauraye da fitsarin tun daga farko har ƙarshe, wani lokaci da gudaji dogaye sirara waɗanda suka daskare a cikin bututun da ke saukowa daga ƙoda. Wannan ishara ce kawai; tabbaci yana ɗakin gwaji. A kai fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita. In an ga ƙwai, a sha praziquantel yadda aka ƙayyade. Amma ganin ƙwai bai wanke ƙoda ba, don mutum ɗaya yana iya ɗauke da biyun. Idan wata guda ya wuce bayan magani jini bai tsaya ba, ko ya dawo, sai hoto. Wanda ya haura shekara 40 kuwa, ko sau ɗaya ya ga jini, a yi masa hoton ƙoda a kuma leƙa mafitsararsa da na'ura, domin daɗaɗɗiyar tsargiya da kanta tana jawo ciwon dajin mafitsara.

Sauran alamun ba su da yawa: ciwon kwiɓi ɗaya da ya ƙi tafiya, dunƙule a gefen ciki, rama, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, ƙarancin jini, ko kumburin jijiyoyin maraina da ya taso wa babba kwatsam kuma ba ya saɓewa in ya kwanta. Kada a jira su haɗu. Jini da ciwo da dunƙule ba safai suke taruwa ba sai ciwon ya yi nisa.

Mataki na biyu: a san rukunin sikila, a faɗa wa kowane likita

Nan ne nake so a tsaya a yi nazari sosai, domin wannan ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da ake rubuta littattafan likitanci. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne. Mun saba jin cewa AS lafiyayye ne, matsalarsa ɗaya ce, wajen zaɓen abokin aure. Gaskiya ne, amma da ɗan ƙarin bayani.

A 1995 wasu likitoci a Amurka suka bayyana wani irin ciwon dajin ƙoda da suka lura kusan duk masu shi matasa ne baƙar fata masu ɗauke da ƙwayar sikila. Shi ne ake kira medulari, a takarda RMC. Yana tasowa daga can tsakiyar ƙoda, wurin da iskar da jini ke ɗauka ta yi ƙaranci, gishiri kuma ya yi yawa. A wannan lungu ne ƙwayoyin jinin mai AS sukan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyi, ko da a sauran jiki lafiya lau suke. Masu kamuwa yawanci suna tsakanin shekara 10 zuwa 40, maza sun fi mata, kuma ƙodar dama ta fi kamuwa. Ana ganinsa ga masu SC da SS ma, amma AS ne suka fi yawa. Yana da gaggawa ƙwarai: sau da yawa kafin a gano shi ya riga ya kai kaluluwar ciki, ko huhu, ko hanta.

Kada wannan ya firgita kowa. Ciwon ba shi da yawa ko kaɗan. Bai kai 1 cikin 100 na ciwon dajin ƙoda ba, kuma mafi rinjayen masu AS za su tsufa ba su taɓa jin labarinsa ba. Ba a ce mai AS da ba shi da wata alama ya riƙa zuwa hoto ba. AS da kanta ma tana sa fitsarin jini marar haɗari, wanda ya fi fitowa daga ƙodar hagu. To a nan tarkon yake: matashi ya zo da jini, a ce tsargiya ce, in ba ita ba a ce ai AS ɗinsa ce, a ba shi maganin ƙarin jini ya koma gida. Bai halatta a ɗora wa AS laifin jinin ba sai bayan hoto ya nuna ƙodar tas.

Don haka duk wanda aka ga ƙari a ƙodarsa, musamman ɗan ƙasa da shekara 50, a yi masa cikakken gwajin jinotayif, wanda ke fitar da AA, AS, AC, SC ko SS. Kada a dogara da abin da aka ji a baki. In an yi masa ƙarin jini cikin watanni 3 da suka wuce, a faɗa wa masu gwajin, domin jinin wani yana iya rikita sakamako. Sannan a rubuta sakamakon a saman kowace takardar neman hoto ko gwajin tsoka. Haruffa biyu ne, amma su ke sa likitan ɗakin gwaji ya nemi abin da da ba zai nema ba.

Mataki na uku: hoto, daga sikanin zuwa CT

Sikanin ciki na yau da kullum shi ne mafari: yana da araha, ana samunsa a yawancin manyan asibitoci, kuma yana raba jakar ruwa da dunƙulen tsoka. Amma yana da iyaka. Medulari da ɗan'uwansa mai tasowa daga bututun tara fitsari sukan ratsa cikin ƙoda ne ba tare da sun sauya surarta ba, sai sikanin ya ce ƙodar ta ɗan kumbura kawai, ko ya ɗauke ta ciwon sanyi. Mai AS da jini ya ƙi tsayawa, sikanin mai kyau bai isa a sallame shi ba.

Hoton da ke yanke magana shi ne CT na ciki da ƙugu, wanda ake ɗauka kafin a yi allurar ruwan haska hoto da kuma bayanta, a matakai daban-daban. Ƙarin da ya sha ruwan ya haska, yana da jijiyoyin jini ke nan, kuma yadda ya sha yana ba da ishara: mai garai-garan ƙwayoyi yakan haska da ƙarfi nan take, wani irin da ake kira papilari yakan sha kaɗan a hankali, wanda aka ga kitse a cikinsa kuma yawanci ƙari ne marar haɗari da ake kira AML. In jakar ruwa ce, mai karanta hoto zai ba ta daraja a ma'aunin Bosniak: 1 da 2 ba abin damuwa ba ne, 2F ana sa mata ido, 3 da 4 sai a zauna da likitan tiyata. CT ɗin da aka yi ba allura, don a rage kuɗi, kusan babu abin da zai faɗa game da ƙari.

Kafin allurar a auna ƙarfin ƙoda da gwajin kiriyatinin. A faɗa in ana shan metformin na ciwon suga, ko an taɓa samun ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi bayan irin wannan allura, ko akwai juna biyu. A irin haka ana iya komawa MRI, wanda kuma ya fi nuna ko ƙarin ya kutsa babbar jijiyar da ke komawa zuciya. In an tabbatar da ƙari, a haɗa da hoton ƙirji, domin huhu ne wurin da ya fi zuwa.

A Birnin Kebbi akwai asibitin tarayya da asibitin tunawa da Sir Yahaya, ga na jiha a Kalgo. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, mai cibiyar mafitsara da ƙoda da kuma sashen ciwon daji, shi ne babban wurin da ake tura mutanen yankinmu. Ko'ina za a je, a buga waya tukuna a ji ranar da ake hoton da shirin da ake bukata. Bayan an gama kada a karɓi takardar bayani kaɗai. A nemi hotunan kansu a faifai ko a filashi. Likitan da za a gani gaba zai so ya duba da idonsa.

Wani abu kuma: tarin fuka yana kama ƙoda, ƙurji mai ruwan mugunya ma yana yin kama da ƙari a hoto. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya raɗa wa ciwo suna.

Mataki na huɗu: a zauna a tuno tarihin dangi

Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma shi aka fi tsallakewa. Wa ya taɓa ciwon ƙoda a gidan, yana ɗan shekara nawa? Matan gidan suna fama da ƙarin mahaifa tun suna 'yan shekara 20 zuwa 30, manya-manya har a cire mahaifar? Akwai masu ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri a fata, a hannu ko ƙirji ko baya, masu zafi in an taɓa ko in sanyin hunturu ya buga? Waɗannan biyun in sun haɗu suna nuni ga gadon rashin wani sinadari da ake kira FH, kuma ƙarin ƙodar da ke zuwa da shi yana bazuwa tun yana ɗan ƙarami. Ƙarin mahaifa shi kaɗai ya yi yawa a cikin matanmu, ba hujja ba ne. Haɗuwarsa da fata ko da ƙoda ita ce abin lura.

A kuma tambaya ko an yi masu ƙari a ido ko ƙwaƙwalwa, ko matashi mai hawan jini mai zuwa da bugun zuciya da gumi, ko wanda huhunsa ya taɓa sacewa haka kawai, ko mai farfaɗiya da ƙuraje a fuska tun ƙuruciya. Kowanne yana da irin ƙarin ƙodar da yake tafiya da shi.

Mataki na biyar: allura ko tiyata

An daɗe ana cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na san wannan tsoro yana hana mutane da yawa amincewa, kuma ba na raina shi, domin mutane sun ga an taɓa ciwo daga baya mai shi ya rasu. Abin da ya faru a mafi yawan lokuta shi ne ciwon ya riga ya yi nisa kafin a taɓa shi. Allurar da ake ɗebo tsokar ƙoda da ita a yau tana bi ne ta cikin wani siririn kwaroro, ana kallon ta a sikanin ko CT, kuma da wuya ƙwarai ta bar ƙwayar ciwo a hanya. Ana kashe wurin, a ɗebo 'yan zarurruka biyu ko uku, a kwanta 'yan awoyi ana duba hawan jini. Wanda ke shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa tun da wuri.

Ba kowa ake yi wa ba. In hoto ya nuna ƙari mai iyaka wanda ko ta yaya za a cire, likitan mafitsara yana iya wucewa tiyata kai tsaye, a cire ƙodar duka, ko a yanke ƙarin kaɗai in bai wuce santimita 4 ba ko makamancin haka. Allura ta fi amfani idan ciwon ya riga ya bazu kuma za a fara da magani, idan ana zargin tarin fuka ko ciwon dajin kaluluwa, idan ƙarin ƙarami ne a jikin dattijo, da kuma idan ana zargin medulari. A wannan na ƙarshe amsar tana sauya tsarin aiki gaba ɗaya, domin sau da yawa kemo ake farawa da shi kafin a yi maganar wuƙa.

Mataki na shida: tsokar da aka cire

Duk amsar tana cikin wannan nama. A wurare da yawa, bayan tiyata akan miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya bokitin roba mai murfi, da takarda, a ce ya kai ɗakin gwajin tsoka. Mutumin nan bai yi barci ba, kuɗinsa sun ƙare, hankalinsa yana kan wanda ke kwance. Sai bokitin ya kwana ƙarƙashin gado, ko ya wuni a bayan mota cikin zafin Afrilu, ko a ce tunda an cire ciwon a kai a binne. A nan ne ake rasa sunan ciwon har abada.

Ga abin da mai bokitin zai tabbatar. Ruwan da ke ciki fomalin ne mai ƙarfin kashi 10. Ana gane shi da warinsa mai yaji a ido da hanci. Ruwan gishirin da ake ƙara wa mara lafiya ba ya tsare nama, sifirit yana ɓata shi, firiza kuma tana farfasa ƙwayoyinsa. Fomalin ya rufe naman gaba ɗaya, in da hali ya ninka shi sau 10. Yana shiga nama ne a hankali, kimanin milimita ɗaya a awa, don haka babbar ƙoda in ba a tsaga ta ba, bayanta zai tsaru cikinta ya ruɓe. A roƙi likitan tiyata ya tsaga ta, ko a kai ta ɗakin gwaji a ranar. A rubuta suna da lambar asibiti a jikin bokitin, ba a murfi kaɗai ba. A duba takardar: shekaru, ɓangaren dama ko hagu, abin da CT ya nuna, jinotayif, da tarihin dangi. In babu su, a koma a roƙa a cike. A ajiye bokitin a inuwa, a rufe ruf, nesa da yara da abinci.

Maganar binnewa kuma tana da mafita. Masu gwaji 'yan yanka kaɗan suke ɗiba, su daskarar da su cikin kaki a wasu ƙananan akwatunan roba da ake kira bulok. Iyalin da ke son binne ragowar su faɗa tun ranar da suka kai, su tambayi lokacin da za su iya karɓa bayan an fitar da sakamako. Bulok ɗin kuwa yana shekaru bai lalace ba, kuma daga shi ake yanko duk gwajin da za a yi nan gaba. A karɓi lambar ɗakin gwaji, a rubuta ta a wuri biyu, a ɗauki hotonta a waya.

Mataki na bakwai: karanta sakamako, da sanin lokacin da bai isa ba

Cikakken sakamako zai faɗi irin ƙarin, girmansa, darajarsa daga 1 zuwa 4 ga ire-iren da ake ba daraja, ko bakin yankan ya fita tas, da ko ya shiga kitse ko jijiya ko kaluluwa. Takardar da ta ce RCC, wato ciwon dajin ƙoda kawai, ta tsaya, ba ta gama magana ba. A tambaya da ladabi: "Ranka ya daɗe, wane iri ne a cikin ire-irensa, kuma da wane gwaji aka tabbatar?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Da rinin yau da kullum, gogaggen likitan tsoka zai gane mai garai-garan ƙwayoyi, da papilari wanda ke kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, da kuromofob mai kimanin kashi 5. Ire-iren da ba a saba gani ba kuwa suna kwaikwayon juna a madubin likita, sai an ƙara da rini na musamman da ake kira IHC, wanda ke nuna ko wani sinadari yana cikin ƙwayar ko babu. A ganina dole ne a nemi IHC idan mara lafiya matashi ne, ko AS ne, ko tarihin danginsa ya nuna wani abu, ko takardar ta ce NOS, wato ba a iya sa shi a wani rukuni ba. Haka nan in ta ce papilari nau'i na 2: jerin 2022 ya daina wannan rabo, saboda an gano da yawa daga cikin waɗanda ake jefawa can wasu cututtuka ne dabam.

Ba sai an sayi rini 15 ba. Likita zai zaɓa bisa abin da yake zargi. PAX8 yana nuna asalin ƙarin daga ƙoda ne, GATA3 da p63 kuma suna nuni ga fatar hanyar fitsari, wadda maganinta dabam ne. CK7 shi ke taimakawa wajen raba kuromofob da onkosaitoma, wanda ba ciwon daji ba ne ko da yake sun yi kama ƙwarai. Ga matashi mai AS, rinin da ya fi kowane muhimmanci shi ne INI1, wani lokaci a rubuta SMARCB1. Kowace lafiyayyar ƙwaya tana da shi. Ɓacewarsa a cikin ƙarin ita ce ke tabbatar da medulari. A kula da wannan, domin mun saba in gwaji ya ce babu sai mu yi hamdala. A INI1 da FH da SDHB (wani sinadari ne shi ma kamar FH), rashin shi ne ciwon. Ga yaro ko matashi da ƙarinsa ya haɗa siffofi biyu, ana neman TFE3, kuma saboda rininsa yana ruɗi, a kan tabbatar da wani gwajin ƙwayoyin gado da ake kira FISH inda ake da shi. Irin da ke tasowa daga bututun tara fitsari ba a yanke masa hukunci sai an kore medulari da FH da na fatar hanyar fitsari.

Ga dalilin wannan wahala duka. Ƙwayoyi irin su sunitinib da pazopanib, masu tsadar gaske, da ake ba mai ccRCC da ya bazu, ba sa yi wa medulari aiki. Shi kemo mai sinadarin filatinom yake ɗan ji, irin su carboplatin haɗe da paclitaxel. Na bututun tara fitsari ma kemo ake ba shi, alhali ccRCC ba ya jin kemo. Mai rashin FH ba a sa masa ido ko da ƙarami ne, cirewa ake yi da wuri da faɗi. Kuromofob da bai fita daga ƙoda ba, tiyata kan ishe shi. Onkosaitoma kuwa, an cire an gama. Iyalin da suka sayar da gona suka sayi maganin da ba na ciwonsu ba, ba gonar kaɗai suka rasa ba, har da watannin da maganin gaskiya zai yi aiki a cikinsu.

In ɗakin gwajin da aka kai ba shi da rinin, a nemi aron bulok ko a yanko gilasai marasa rini, a aika wani wuri: manyan asibitocin koyarwa na Zariya da Kano, Asibitin Ƙasa na Abuja, ko ɗakunan gwaji masu zaman kansu a Abuja da Legas. A kira tukuna a ambaci rinin da sunansa, a ji ko suna da shi a lokacin. Bulok ba ya bukatar sanyi, amma kaki ne, rana tana narkar da shi. A aika da kwafin sakamakon farko da bayanin CT, kuma a maido da bulok bayan an gama. Neman ra'ayin likitan tsoka na biyu ba cin fuska ba ne, su ma a tsakaninsu suna yi. Idan ana zargin medulari, kada a naɗe hannu ana jiran rini: a ga likitan ciwon daji a makon, a gama hoton ƙirji da gwajin jini, domin ranar da sakamako ya iso a fara magani.

Idan kuɗi sun yi kaɗan, ga yadda zan jera su: CT mai allura, jinotayif, gwajin tsoka, sannan rini biyu zuwa huɗu da likita ya zaɓa. Maimaita sikanin a wurare uku da sayen magungunan wankin ƙoda su ke cinye kuɗin waɗannan. Mai rajista da KECHEMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko inshorar lafiya ta tarayya ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauka tun kafin ya biya. Yawan shan diclofenac da ibuprofen don ciwon kwiɓi kuma yana raunana ƙodar da za ta rage.

Idan ƙaramin yaro ne

Uwa ce takan fara ji, wajen wanka: wani tauri a gefe ɗaya na ciki, yaron kuma yana wasansa. Sai a ce saifa ce, a kai wa wanzami ya yi tsaga. A ƙasa da shekara 5, ƙarin ƙodar da ya fi yawa shi ne na Wilms, wanda inda ake da cikakkiyar kulawa kusan 9 cikin 10 suke warkewa. Kada a riƙa matsa cikin, kada a tsaga, a nufi babban asibiti. A tsarin da ake bi a wurare da yawa, in shekaru da hoto sun dace, kemo ake farawa na 'yan makonni ba tare da allurar ɗebo tsoka ba, sannan tiyata. Amma ƙodar da aka cire sai an duba ta da kyau, domin akwai masu shigar Wilms: rabdoyid na jarirai, wanda shi ma INI1 ke ɓacewa a cikinsa, da wani sakoma mai son zuwa ƙashi, da TFE3 a yaran da suka tasa. Ƙarin da bai ragu da kemo ba, ko yaron da ya haura shekara 10, dalili ne na sake tunani.

Bayan an samu suna

In sakamako ya nuna rashin FH ko SDHB, ko ƙari ya fito a ƙoda biyu, ko mai shi bai wuce shekara 46 ba, ana shawartar gwajin gado. Waɗannan cututtuka daga mahaifi ɗaya ake gadonsu, uwa ko uba, kuma kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Ba auren zumunci ne ya kawo su ba, kada a ɗora wa kowa laifi. Inda gwajin ya gagara, a kai 'yan'uwa na jini likita ya duba fatarsu ya tsara musu hoto. Ga dangin masu rashin FH, MRI ake so duk shekara, saboda sikanin yana tsallake ƙananan ƙarin wannan iri. Dangin mai medulari kuwa ba a sa su hoton shekara-shekara. Su san jinotayif ɗinsu, su kuma je asibiti ranar da suka ga jini.

Wanda aka riga aka cire wa ƙoda aka binne ba a gwada ba, ya koma wurin likitan da ya yi aikin da hotunan CT na farko da bayanin tiyata. A tambaya ko an ɗebi wani yanki an ajiye. In babu, sai a ɗauke shi a matsayin mai haɗari: jinotayif, gwajin ƙarfin ƙodar da ta rage, da CT na ƙirji da ciki a tazarar da likita zai sa, kusa-kusa a shekaru 2 zuwa 3 na farko. In wani abu ya ɓullo a huhu ko kaluluwa ko wurin yankan, daga nan za a ɗebo tsoka a yi gwajin da ba a yi ba da farko, kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya ta magani.